Tarayyar Ma'aikatan Jirgin Ƙasa ta Afirka ta Yamma da Yajin Aikin 1947 zuwa 1948

A ranar 10 ga Oktoba 1947, ma'aikatan jirgin ƙasa wajen 20,000 suka ajiye aiki a layukan dogo huɗu na Afirka ta Yamma da Faransa ke mulka: Dakar-Neja, Konakiri-Neja, Abijan-Neja da Benin-Neja. Wannan maƙala tana duba ƙungiyar da ta haɗa kansu, wato Tarayyar Ƙungiyoyin Ma'aikatan Jirgin Ƙasa 'Yan Afirka, wadda Ibrahima Sarr ya jagoranta daga Thiès ta Senegal, garin manyan ma'aikatun gyaran jirage.

Tushen rigimar shi ne yadda aka kasa ma'aikata. Turawa suna da nasu matakin albashi da gidaje da alawus, 'yan Afirka na dindindin suna da nasu, sai kuma mafi rinjaye, 'yan wucin gadi, waɗanda mutum zai shekara goma yana aiki amma a iya sallamarsa da rana tsaka. Su ne suka yi yajin Thiès na Satumba 1938, wanda sojoji suka murƙushe da bindiga. Dabarar Sarr ita ce jawo su cikin ƙungiya ɗaya da ma'aikatan ofis, a kan buƙata guda: tsarin aiki ɗaya ga kowa, baƙi da fari.

Lokacin ma ya taimaka. A 1946 Faransa ta soke aikin tilas, ta kuma ba mutanen ƙasashen da take mulka matsayin 'yan ƙasa. Sai Tarayyar ta riƙe ta da bakinta: in dai kowa ɗan ƙasa ne, me ya raba albashi? A Afrilu 1947 ta kira gajeren yaji daidai lokacin da Shugaban Faransa Vincent Auriol ke ziyara a Dakar, hukuma ta amince da buƙatar don gudun kunya, daga baya hukumar gudanarwar jiragen ta yi ta ja da baya.

Yajin ya ɗauki fiye da wata biyar. Babu asusun ƙungiya da zai iya ɗaukar wannan nauyi. Gonaki da kamun kifi da dangi da bashin 'yan kasuwa da sana'o'in mata ne suka riƙe gidaje. Tattakin mata zuwa Dakar da ke cikin littafin labarin da Ousmane Sembène ya wallafa a 1960 kan wannan yaji kuwa, masanin tarihi Frederick Cooper ya nuna ƙirƙirar marubuci ce.

Haɗin kan bai rasa ɓaraka ba, domin ma'aikatan layin Abijan sun koma aiki tun Janairu 1948. Sauran sun daure har 19 ga Maris, bayan sasantawa da sabon Babban Kwamishina, Paul Béchard. Sun samu tsarin aiki ɗaya, amma an rage yawan ma'aikata.

Wanda ya kira wannan yaji yaƙin neman 'yancin kai ya yi gaggawa. Abin da Tarayyar ta nema shi ne daidaito da ma'aikacin Faransa, kuma irin wannan matsin lamba ne ya kai ga dokar ƙwadago ta ƙasashen ƙetare na Faransa ta Disamba 1952.