Otel na Abzin a Agadas: Fadar Ƙasa da ta Zama Masaukin Baƙi

A tsakiyar tsohon garin Agadas, daura da babban masallaci, akwai wani gini na ƙasa da ake kira Hôtel de l'Aïr, wato Otel na Abzin. An gina shi a shekarar 1917 domin Kawsan, jagoran Abzinawa da ya yi wa sojojin Faransa ƙawanya a garin daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917, tare da goyon bayan Sarkin Abzin Tagama. Da yaƙi ya ƙare, sai ginin ya sake aiki. Daga baya aka mayar da shi masaukin baƙi, inda matafiya ke biyan kuɗin ɗaki da na abinci.

Abin da ya fi jan hankalin masana shi ne rufin babban ɗakin da aka mayar wurin cin abinci. Rufi ne mai baka, irin wanda magina ke kira bakan gizo. Mai karatu da ya taɓa ɗaga kai a soron wani basarake ya san shi. Ga yadda maginan Hausa ke yin sa. Azara ɗaya ba ta da tsawon da za ta ƙetare babban ɗaki, kuma idan aka tilasta mata ɗaukar nauyin ƙasa sai ta lanƙwashe. Saboda haka magini yakan kafa azara a jikin bango, ya ɗaura wata a kanta da igiya, kowace tana ɗan sunkuyowa ciki, har na wannan gefe su sadu da na wancan a sama. Sa'an nan a lulluɓe su da ƙasa. Nauyin rufi sai ya bi ta bakan ya sauka cikin bango. Da wannan dabara ake samun ɗaki mai faɗi da tsawo, ba ƙarfe, ba siminti.

Bangon irin waɗannan gine-gine na tubali ne, mai kauri daga ƙasa, yana raguwa zuwa sama. Kaurin nan yana tare zafin rana, tagogi kuma ƙanana ne saboda ƙura. Rufin shimfiɗaɗɗe ne, ana hawa a zauna a kansa. Daga nan baƙi kan kalli hasumiyar masallaci, mai tsawon mita 27, wadda aka fara ginawa a ƙarni na 16.

A shekarar 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin jerin kayan gadon duniya, kuma wannan gini yana cikin yankin da aka kare. Ma'anar haka ita ce mai gini ba ya da ikon rushe shi ko sake masa kama yadda ya ga dama.

Sai dai takarda ba ta tare ruwan sama. A daminar 2024 tsohon masallacin Damagaram, wanda aka gina da ƙasa a ƙarni na 19, ya rushe bayan ruwa mai yawa. Ginin ƙasa yana son a sabunta masa yaɓe kafin damina, a share indararo, a toshe tsaga tun tana ƙarama, a kuma duba azara saboda gara. Wasu kan shafe bango da siminti don su huta da wannan aiki. A ganina asara ce: siminti yana riƙe danshi a ciki, ƙasa ta jiƙe ba a gani ba, wata rana ya ɓanɓare ya tafi da fuskar bangon. Wannan ya shafi tsofaffin shaguna da soraye na Dogon Dutsi da Tibiri kamar yadda ya shafi na Agadas.