Gashin Wace Dabba Ce? Tarihin Buroshin Aski

Mu da muka tashi a hannun wanzami ba mu san buroshin aski ba. Wanzami zai sauke zabira, ya wasa aska, ya ɗebi ruwa ya jiƙa kai ko gemu, ya murza da tafin hannu har gashi ya yi laushi, sannan ya ɗora aska. In akwai sabulu a goga, in babu ruwa ma ya wadatar. Buroshi baƙo ne a wurinmu, tare da reza da sabulun kanti ya shigo. Amma yau da kasuwa ta koma cikin waya, saurayi a Kano ko Maraɗi yana iya latsawa a kawo masa ɗan buroshin nan mai gajeren mariƙi da ake tada kumfa da shi. Mafi arahar waɗanda aka yi da gashin dabba kuwa na gashin alade ne, ko mai sayarwa ya faɗa ko bai faɗa ba.

Tambayar da ya kamata mai saye ya yi ita ce, gashin wace dabba ce? Tsohuwar tambaya ce. Shekara ɗari da 'yan kai da suka wuce, rashin gaskiya wajen amsa ta ya kai mutane kabari a Ingila da Amurka.

A Turai abin ya samo asali. A ƙarni na 18 yayin aske fuska ƙwal ake yi a can, daga sarki har ɗan kasuwa. Masu askinsu a da hannu suke sawa kamar namu, su kaɗa sabulu a tasa su shafa wa mutum. Wajen tsakiyar ƙarnin buroshin aski ya bayyana a Faransa, a daidai lokacin da maza suka fara koyon yi wa kansu aski a gida. A 1769 wani maƙerin wuƙaƙe na birnin Faris, Jean-Jacques Perret, har littafi ya wallafa kan yadda mutum zai aske fuskarsa da kansa. Amfanin buroshi a fili yake. Gashin gemu yana da tauri, sai ya sha ruwa yake yankuwa da sauƙi. Buroshi yana haɗa sabulu da ruwa da iska su zama kumfa mai kauri da ke riƙe danshi a fuska, yana kuma tada gashin da ya kwanta don aska ta same shi a tsaye.

Tun daga farko gashi iri biyu ne suka raba kasuwar. Na farko na wata dabba ce mai zama a rami, dangin dagen da muka sani, don haka bari mu kira ta dagen Turai. Gashinta siriri ne a baki, mai laushi, kuma yana riƙe ruwa a tsakankaninsa. Faransawa sun shaƙu da shi har sunan dabbar, blaireau, ya zama sunan buroshin kansa, kuma da shi ake kiransa a Faransanci har gobe. Wannan shi ne na masu hali, wani lokaci da mariƙin hauren giwa ko azurfa. Na biyu shi ne gashin gadon bayan alade, mai kauri da tsayuwa, wanda ake samu da yawa kuma da araha. Shi ne na talaka da na mai askin unguwa. Ko da yake 'yan kasuwa suna son kiransa gashin aladen daji, akasarinsa daga aladen kiwo yake fitowa. A ƙarni na 19 Rasha ce babbar mai sayar wa Ingila da shi, kafin China ta karɓe kasuwar. Kamfanin Kent, wanda aka kafa a Landan a 1777 kuma yake aiki har yanzu, yana cikin tsofaffin gidajen da suka yi suna a sana'ar buroshi.

Abin da ya mayar da buroshi kayan kowane gida shi ne reza. A 1903 King Camp Gillette ya fara sayar da rezarsa mai bakin da ake sauyawa a Amurka, kuma a shekarar farko guda 51 kacal ya sayar. Sai Yaƙin Duniya na Ɗaya ya zo. A watan Afrilun 1915 Jamusawa suka saki iskar guba a fagen daga na Ypres da ke Beljiyam, ya zama dole soja ya riƙa ɗaura abin rufe fuska. Abin kuwa ba ya manne wa fuska mai ƙasumba, don haka aski ya zama dokar soja. Bayan Amurka ta shiga yaƙin a 1917, gwamnatinta ta sayi rezar Gillette kimanin miliyan 3.5 ta raba wa sojoji. Kowace reza tana neman sabulu, kowane sabulu yana neman buroshi.

A nan aka samu matsala. Yaƙi ya toshe hanyar gashin dage da ke fitowa daga Rasha, ga kuma buƙata ta ninka. Sai masu masana'antu suka koma ga gashin doki daga Rasha da China da Japan, suna gyara shi ya yi kama da na dage. Kafin yaƙin, irin wannan gashi kan bi ta Jamus ko Faransa a wanke shi a kashe ƙwayoyin cutar da ke jikinsa. Yanzu kai tsaye ake lodinsa zuwa masana'anta. Wasu masu masana'antar kuma suna gudun dafa gashi mai haske da zafi sosai, don kada launinsa ya ɓaci ya daina kama da na dage.

Cutar da ke ɓoye cikin gashin ita ce antaraks, wadda makiyayanmu ke kira ciwon saifa, irin wadda aka tabbatar da ɓullarta a wata gona kusa da Suleja a watan Yulin 2023. Ƙwayar cutar tana iya kwanciya shekaru da yawa a ƙasa ko a jikin fata da gashi ba ta mutu ba. Ƙaramar kafa take nema ta shiga jiki, mai aski kuwa ba ya rasa ɗan yanka a haɓa ko wuya. Daga 1915 likitocin sojan Birtaniya suka fara ganin gyambo mai baƙin tsakiya a fuskokin sababbin sojoji. Da fari an zargi makircin abokan gaba. Da aka bi sawu sai aka tarar buroshin da ke cikin jakar sojan ne. Sojojin Amurka 149 suka kamu ta wannan hanya a lokacin yaƙin, ban da na Birtaniya da fararen hula, kuma a zamanin babu maganin fenisilin, don haka da dama suka mutu. Annobar ba ta tsaya kan talaka ba. A watan Oktoban 1921 wani tsohon ɗan majalisar wakilan Amurka daga New York, Michael Farley, ya rasu bayan ya kamu da cutar daga buroshin askinsa.

Sai da aka rasa rayuka hukumomi suka farka. Birtaniya ta kafa dokar rigakafin cutar a 1919, a 1920 kuma ta hana shigo da buroshin aski daga Japan. A Amurka aka fitar da ƙa'idar dafa gashi kafin a haɗa buroshi, aka fara buga shaidar hakan a jikin mariƙi. Abin lura a nan shi ne, cutar ta fi kama dabbobi masu cin ciyawa irin su doki da saniya da tunkiya, fiye da alade ko dage. Wato buroshin alade na talaka, wanda ba ya ɓoye asalinsa, ba shi ne ya yi ɓarnar ba. Wanda ya yi ta shi ne na dokin da aka yi wa shigar dage. Kama da wane ba ta wane.

A Yaƙin Duniya na Biyu gashin alade da kansa ya zama kayan yaƙi. Da shi ake yin buroshin fentin jiragen ruwa da na goge bindigogi, kuma kusan duk wanda Amurka ke amfani da shi daga China yake zuwa. Gwamnatin Amurka ta taƙaita amfani da shi a harkokin farar hula. Da Japan ta tare tashoshin ruwan China, a jirgin sama aka riƙa tsallako da shi ta saman duwatsun Himalaya zuwa Indiya. Wani attajirin birnin Chongqing, Gu Gengyu, da wannan fatauci ya samu laƙabin sarkin gashin alade. Ƙarancin da aka shiga ya buɗe wa zaren nailan ƙofa, wanda kamfanin DuPont ya fara sawa a buroshin haƙori a 1938.

Bayan yaƙi kuma sai gwangwanin kumfa ya fito a Amurka a 1949. Mutum ya latsa, kumfa ta fito, babu jiƙa buroshi babu kaɗa sabulu. Cikin 'yan shekaru buroshi ya zama kayan tsofaffi a yawancin gidajen Amurka. Inda ya ci gaba da rayuwa sosai shi ne shagunan aski na kudancin Turai. Kamfanin Omega na birnin Bologna a Italiya, wanda ya fara aiki a 1931, da Semogue na Fotugal, wanda aka kafa a 1955, su ne sunayen da aka fi sani a buroshin alade har yau. Da intanet ta yaɗu, maza da suka gaji da tsadar rezar zamani suka sake komawa ga sabulu da buroshi, kasuwar ta farfaɗo.

Shi ma gashin dage bai tsira daga tambaya ba. Birtaniya ta kafa dokar kare dabbar a 1973, ta ƙara ƙarfafa ta a 1992, kuma yau kusan duk gashin da ke kasuwa daga China yake fitowa. A 2018 ƙungiyar kare dabbobi ta PETA ta fitar da bidiyon yadda ake tsare dabbobin da kashe su a gonakin can, abin da ya sa kamfanin Procter & Gamble ya sanar da daina amfani da gashin. A ɗaya gefen, zaren roba da a da yake da kaushi ya samu gyara, har wasu masu aski suka fifita shi.

To, mu fa? Ga Musulmin cikinmu, batun ba na laushi ko farashi kaɗai ba ne, akwai tsarki. Malamai sun yi magana a kan gashin alade tun kafin a ƙirƙiri buroshin aski. A mazhabar Malikiyya da akasarinmu ke bi, Muhtasar na Shehu Halilu da ake karantawa a zaurukanmu ya lissafa gashi cikin abubuwa masu tsarki, har da na alade, da sharaɗin a ce yanke shi aka yi ba tugewa ba. Shafi'awa sun ɗauke shi najasa. Hanafawa ma haka, sai dai magabatansu sun yi wa dukawa rangwamen ɗinki da shi saboda larura. Sharaɗin Malikiyya yana da muhimmanci a nan, domin gashin da ake fatauci yawanci tugo shi ake yi da saiwarsa. Hukuncin na malamai ne, amma ba malamin da zai iya ba da fatawa kan abin da mai tambaya bai san mene ne ba. A Malesiya, inda Shafi'iyya ta fi rinjaye, jami'an gwamnati sun ƙwace buroshin fenti sama da 2,000 a watan Fabrairun 2017 saboda ba a rubuta cewa na gashin alade ba ne. Daga baya aka dakatar da samamen, aka ba 'yan kasuwa wa'adi su sa alama.

Don haka kada mu yi cinikin biri a sama. In muka ga kalmar boar, ko pure bristle, ko natural bristle a jikin kwali, galibi alade ake nufi. Wannan ya shafi buroshin taje gemu da na kwantar da suma, ba na aski kaɗai ba. Gashin alade launin ƙwai-da-madara gare shi, yana da tauri, kuma sabo yakan yi ƙarni in ya jiƙe. Sau da yawa ana rina masa baƙin zobe a tsakiya don ya yi kama da na dage, tsohuwar dabarar nan ba ta mutu ba. In aka cire sili ɗaya aka kai shi ga ashana, gashin dabba zai yi ƙaurin babbaka ya zama toka, na roba kuwa zai narke ya dunƙule.

Wanda babu abin da ya hana shi amfani da na alade, zai same shi da ƙarko. Shi gashin shan ruwa yake yi, don haka a jiƙa shi minti biyu ko uku a ruwan ɗumi kafin a taɓa sabulu, in ba haka ba zai shanye kumfar ya kuma riƙa karyewa. Taurinsa ya sa ya fi dacewa da sabulu mai ƙarfi. Makonnin farko yana da kaushi, amma da amfani bakin kowane sili yakan tsage gida biyu ko uku, ya yi laushi. Mai gajeren gashi ya fi tsayuwa, mai dogon gashi ya fi kwanciya a fuska. Bayan aski a ɗauraye shi, a yarfe, a bar shi a fili ya bushe. Wanda kuma zuciyarsa ba ta kwanta ba, ga na roba nan, ba ya neman jiƙo, yana bushewa da wuri. Akwai ma na gashin doki da ake yi a Sifen, wanda yanzu ake tsabtacewa yadda ya kamata.

Sojan da ya buɗe jakarsa a 1917 ba shi da hanyar sanin abin da zai goga wa fuskarsa, abin da aka ba shi ya karɓa. Mu kuwa kwali yana hannunmu, waya tana aljihunmu, mai kanti yana gabanmu. Kafin mu tambayi nawa ne, mu fara tambayar gashin mene ne. In amsar ba ta fito ba, tafin hannu da ruwa irin na wanzami sun daɗe suna wadatar da gemu.