Cin rani da bunƙasar birnin Maraɗi, 1945 zuwa 1988

An saba ɗora ma fari alhakin ƙaurar manoma zuwa birni. A ganinmu, tarihin Maraɗi ya nuna cewa fari ya iske gandu ya riga ya tsage.

Bayan ambaliyar 1945, da aka tada garin daga gulbi zuwa tudu, cinikin gyaɗa ne ya ciyar da shi gaba. Haraji da kuɗi ake biya, kuɗi kuma daga gyaɗa suke fitowa. Sannu a hankali mai gida ya kasa biya ma kowa, sai ya bar ma samari nauyin harajinsu da kuɗin aurensu. Saurayin da ke biyan nasa kuwa, da wuya a hana shi tafiya. Da an gama girbi sai ya nufi Maraɗi ko Kano, ya yi ga-ruwa ko dako, ya komo da shuka.

Farin 1973-1974, da ciwon da ya kashe gyaɗa a 1975, su suka maida cin rani zama. Yunwar 1984 ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya, har talakawa suka raɗa mata suna El Buhari. Hanyar Kano ta toshe, Maraɗi ta ɗauki nauyin. Ƙidayar 1977 ta samu mutum wajen 45.000 a birnin, ta 1988 kimanin 110.000.

A ƙauye kuwa, wanda ya jingina gonarsa don ya ci, sau da yawa hannun alhazan birni ta ƙare, shi ko ya koma ɗan ƙwadago a cikinta.