Yadda Aka Ga Surar Maginin Ƙwayar Tarin Fuka

Zancenmu na yau a kan tarin fuka ne. Alamunsa kun san su: tarin da ya wuce mako biyu, da rama, da zufar dare, wani lokaci har da jini a majina. Abin da zan ba ku yau tarihi ne, na wata ƙwayar magani da a ke kira isoniyazid, da yadda likitoci suka yi shekara arba'in suna ba da ita ba su san inda ta ke kama cutar ba.

Ran 24 ga Maris, 1882, wani likita Bajamushe, Robert Koch, ya tsaya gaban 'yan'uwansa likitoci a birnin Balin, ya nuna musu ƙwayar da ke kawo tarin fuka. A zamanin nan mutum ɗaya cikin bakwai da ke mutuwa a Turai ita ke kashe shi. Ƙwayar kuwa ƙanƙanuwa ce ƙwarai, in ka jera dubu baki da baki, da ƙyar su kai tsawon ƙwayar gero ɗaya. An gan ta, amma magani bai samu ba sai bayan shekara sittin, da aka gano allurar sitireftomaisin a Amurka cikin 1943.

Shi isoniyazid, tun 1912 wasu masana biyu suka harhaɗa shi a birnin Firag, suka ajiye, ba su san abin da ke hannunsu ba. Sai a 1951 da 1952 aka gwada shi ga marasa lafiya a wani asibiti a Niyu Yok. Mutanen da aka fid da rai da su suka tashi, suka nemi abinci, suka yi ƙiba. Ga arha, ga shi haɗiya a ke yi, ba allura ba. Amma in ka tambayi likita yadda ya ke kashe ƙwayar, sai ya yi shiru.

To, kafin mu ci gaba, sai ka san wani abu da masana ke kira enzayim. In ka daɗe kana tauna ɗanyen gero, za ka ji ya soma zaƙi. Wani ɗan ma'aikaci ne cikin yawunka ke juya garin ya koma sukari, shi ne enzayim. Kowane mai rai yana da irinsu dubbai, kowane da sana'arsa. Jikin enzayim kamar carbi ne mai tsawo wanda aka nannaɗe aka dunƙule, kuma kowane iri da yadda ya ke naɗuwa. A jikin dunƙulen akwai wani ɗan rami inda ya ke riƙe abin aikinsa, daidai wa daida, kamar wuƙa da kubenta. Saboda haka sanin sunansa bai isa ba. Sai an san tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa, watau surarsa ta kowane gefe, kamar tukunyar da ka ke juyawa a hannu kafin ka saya.

Ita ƙwayar tarin fuka tana da ganuwa mai kauri, ta wani irin kitse mai kama da kakin zuma. Ganuwan nan ce ke tsare ta daga magunguna da yawa. Wajen 1970 aka gane isoniyazid yana hana ginin ganuwar. Amma wane magini ya ke kamawa?

Amsa ta zo kashi biyu. A 1992 masana a Landan da Faris suka nuna maganin a barci ya ke shiga cikin ƙwayar. Akwai wani enzayim nata mai suna KatG, wanda aikinsa shi ne tsare ta daga dafin da jikinmu ke watsa mata. Shi ne ke kuskure ya taɓa maganin ya tashe shi. Kun ji fa, da hannunta ta ke wasa wuƙar da za a yanka ta. Sa'an nan a 1994 William Jacobs da abokan aikinsa, a makarantar likitoci ta Albert Einstein a Niyu Yok, suka gano maginin kansa, suka sa masa suna InhA. Shi ke ƙarasa dogayen zarurrukan kitsen da a ke gina ganuwa da su.

Saura a gan shi. Madubin likita ba ya nuna shi, domin ya fi ƙwayar cutar ƙanƙanta sau ɗaruruwa. Dabarar da aka bi ita ce wannan. A kan tara enzayim ɗin da yawa, a tace shi, a bar shi ya daskare ya yi ƙwaya kamar ta gishiri ko alif. Sai a harba masa haske irin wanda a ke ɗaukar hoton ƙirji da shi. Hasken ya watsu, ya bar ɗigo-ɗigo dubbai a kan faifai. Daga wurin da kowane ɗigo ya faɗi, da ƙarfinsa, a ke lissafa mazaunin kowane ƙulli. Aiki ne na masu haƙuri. Enzayim na farko da aka ga surarsa ta wannan hanya a Landan ne, a 1965, daga farin ƙwan kaza aka samo shi.

A 1995 wata masaniya mutuniyar Barazil, Andréa Dessen, tare da James Sacchettini da su Jacobs, suka fitar da surar InhA. Carbi ne mai 'ya'ya 269, kuma huɗu-huɗu su ke haɗuwa su yi aiki. A cikin kowane akwai rami mai zurfi. A gindin ramin wani ɗan mataimaki ke zama, sunansa NADH, in ba shi magini ba ya iya kome. A bisansa kuma ga wurin da zaren kitse ke shiga. A 1998 aka sāke ɗaukar hoton, wannan karo da magani a ciki, nan ne asiri ya tonu. Ashe maganin, in ya farka, jikin mataimakin ya ke mannewa. Su biyun su shige ramin su cije, ba shiga ba fita. Gini ya tsaya, ganuwa ta tsage, ƙwayar ta mutu.

Ni a ganina, babban amfanin hotunan nan shi ne sun nuna yadda cutar ke ƙin jin magani. Wani lokaci ɗan carbi ɗaya tak ke sākewa. A jikin InhA, in na 94 ya sāke, mataimakin ba ya zama daram, maganin ma ba ya kamawa sosai. Wata ƙwayar kuma sai ta yi ta ƙera magina da yawa har su fi ƙarfin maganin. Wanda aka fi samu a duniya a jikin KatG ya ke, wanda aka ga surarsa a 2004. Ɗan carbi na 315 ya sāke, ƙofar da magani ke bi ta ƙuntata, sai ya wuce yana barcinsa.

Yanzu ka yi lissafi da kanka. Cikin ƙwayoyi miliyan, a kan sami kamar ɗaya da aka haifa da irin wannan sākewa. Ramin da cutar ta ci a huhu kuwa ya kan ɗauki miliyan ɗari ko fiye. Ke nan tun ba ka haɗiyi kome ba, akwai ɗari ko fiye da isoniyazid ba zai taɓa ba. In shi kaɗai aka sha, sauran su mutu, waɗannan su gāji fili. Don haka ne a ke haɗa magani huɗu wata biyu, sa'an nan biyu wata huɗu, wata shida ke nan. Wadda ta kuɓuce wa isoniyazid, rifamfisin ya kama ta, domin shi wani enzayim dabam ya ke toshewa. Mai sha yau ya bari gobe, ko mai tsayawa don ya ji ƙarfi a wata na biyu, shi ke ba masu taurin kan nan dama. In cutar ta ƙi jin manyan magungunan nan biyu, sai a koma ga wasu masu tsada da wahalar jiki, wani har wata 18. Irinta kuwa zai tofa wa iyalinsa.

Yau ba sai an jira watanni ba kafin a gane. Na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, tana duba majina cikin kamar awa biyu, ta faɗi ko akwai cutar, da ko tana jin rifamfisin. A 2021 aka amince da wani sabon gwaji mai duba KatG da InhA ɗin nan da muka yi zance. A Nijeriya gwajin da maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati. In malamin asibiti ya ba ka 'yar kwalba ya ce ka kawo majina, sai ka yi tari daga can cikin ƙirji, ba yawu ba, ka rufe ta da kyau, ka kawo a ranar.