Cin ɗanyen abinci: amfaninsa da haɗarinsa

A ƙasashen Turai da Amurka akwai mutanen da suka ƙaurace wa dafaffen abinci baki ɗaya, inda suke rayuwa a kan ganyaye da 'ya'yan itatuwa da tsaba waɗanda zafinsu bai wuce digiri 48 a ma'aunin Salshiyos ba. Ana danganta tushen wannan ra'ayi da wani likita ɗan ƙasar Switzalan, Maximilian Bircher-Benner, wanda ya riƙa ba majinyatansa ɗanyen abinci a birnin Zurich a wajajen shekarar 1900.

A ƙasar Hausa ba a san wannan tsari ba, amma cin ɗanyen abu tsohuwar al'ada ce.

Abin da ake ci ɗanye

A ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, a kudancin jihar Kano, rake da yalo da gurji da mangwaro da gwaiba abin ci ne na yau da kullum, haka ma 'ya'yan itatuwan daji irin su kanya da ɗinya da tsada.

Madatsar ruwa ta Tiga da ke Bebeji, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ta bunƙasa noman rani a jihar. Wannan ya sa latas da kabeji da karas da tumatir suka yawaita, ana kwaɗa su da ƙuliƙuli, musamman a lokacin azumi.

Amfaninsa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mutum ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa a kowace rana. Dahuwa mai tsawo tana rage sinadarin bitamin C, don haka cin wasu daga cikinsu ɗanye yana da fa'ida.

Sai dai dogaro da ɗanyen abinci kaɗai yana da illa. Wani bincike da aka yi a Jamus aka kuma wallafa a 1999 ya gano cewa waɗanda suka daɗe a kan tsarin sun rame matuƙa, kuma kusan kashi 30 cikin 100 na mata 'yan ƙasa da shekaru 45 jinin al'adarsu ya ragu ko ya ɗauke.

Abin da wajibi ne a dafa

Rogo mai ɗaci yana ɗauke da gubar sayanayid, wadda ba ta fita sai an ɓare shi, an jiƙa, an kuma dafa. Ɗanyen wake yana ɓata ciki. Madarar shanu da ba a tafasa ba kuwa tana iya ɗauko wa mutum tarin fuka na dabbobi da cutar bakkale, wadda ke jawo zazzaɓi mai tafiya yana dawowa.

Matsalar ruwa

Babban haɗarin ɗanyen ganye yana zuwa ne daga ruwan da aka yi ban-ruwa da shi ko aka wanke shi, da kuma hannun mai yankawa. Ta wannan hanya ce cututtukan kwalara da taifot da tsutsar ciki ke shiga jiki, tun da babu wutar da za ta kashe su.

A shekarar 2021, hukumar yaƙi da cututtuka ta Nijeriya ta ce mutane fiye da 111,000 ne ake zaton sun kamu da kwalara, kuma fiye da 3,600 suka rasu. Kano na cikin jihohin da annobar ta fi shafa.

Jami'an lafiya na ba da shawarar a wanke hannu da sabulu, a wanke ganye da ruwa mai tsafta, a fere abin da ke da ɓawo, a kuma ware wuƙar nama daga ta ganye. Ga ƙananan yara da mata masu juna biyu da tsofaffi, dafaffen abinci ya fi zama kariya, musamman da damina, lokacin da kwalara ta fi yaɗuwa.