Ceto da Jiran Ceto: Thunderbirds Tsakanin 'Yan Tsana da Zanen Kwamfuta

A watan Oktoba na 1963 ruwa ya ɓalle cikin wata mahaƙar ƙarfe a Lengede, Jamus ta Yamma, ya rutsa da ma'aikata a ƙarƙashin ƙasa. Sai da aka yi mako biyu kafin a fito da mutum 11 na ƙarshe da rai. Gerry Anderson, mai shirya wasannin talabijin a Ingila, ya bi labarin, kuma abin da ya tsaya masa a rai shi ne tsawon lokacin da ake ɗauka kafin manyan injunan haƙa su iso wurin. Daga nan shi da matarsa Sylvia suka ƙago Thunderbirds, wanda tashar ITV ta fara nunawa a 1965: labarin Jeff Tracy, tsohon ɗan sama jannati, da 'ya'yansa maza biyar, masu kai ɗauki duk inda bala'i ya faɗa. A 2015 ITV Studios da Pukeko Pictures na New Zealand suka sabunta shi da sunan Thunderbirds Are Go. Yawancin masu kwatanta su biyun kan tsaya ne a kan 'yan tsana da kwamfuta. A ganina, babban bambancin yana cikin lokaci.

'Yan tsanar Anderson, waɗanda ake motsa su da siraran wayoyi, ba su iya tafiya yadda ido zai yarda. Kawunansu ma sun fi ƙarfin jikinsu, domin a ciki aka ɗora na'urar da ke motsa leɓe. Wannan gazawa ce ta tilasta wa masu shirin mayar da nauyin labari kan injuna. Tunda Virgil, ɗaya daga cikin 'ya'yan Jeff, ba zai ruga da gudu ba, sai ya jingina da wani hoton bango, hoton ya kife da shi, ya sulala har cikin kujerar tuƙi. Fuskar dutse ta buɗe, itatuwan da ke gefen hanya su kwanta, koren jirgin Thunderbird 2 ya fito a hankali kamar mai nauyin gaske. Derek Meddings, shugaban masu ƙera ƙananan jiragen a situdiyonsu na Slough, yakan ɓata su da ƙura da tabon mai don su yi kama da abin da ya sha aiki.

Sai kuma Lew Grade, mai zuba kuɗin. Da ya ga kashin farko, ya ba da umarni a tsawaita kowane kashi daga minti 25 zuwa 50. A wannan kashi, mugu Hood ya dasa bam a ma'ajiyar tayoyin jirgin fasinja Fireflash. Jirgin ba ya iya sauka, ba ya kuma iya daɗewa a sama, domin kariyar injinsa na nukiliya tana da iyakar lokaci. Hukumomin filin jirgi suka gwada tasu dabarar, ta ci tura. Virgil ya jera motoci masu faffaɗan baya don su tari jirgin a guje, yunƙurin farko ya lalace, aka sake. Mai kallo yana zaune da waɗanda ke jira, yana jin yadda mintoci ke tafiya. Ruhin Lengede ke nan: ceto aiki ne na lissafi, da kuskure, da sake gwadawa.

Sabon shirin bai yi wa tsohon riƙon sakainar kashi ba, kuma adalci ne a faɗi haka. Weta Workshop ta ƙera tsibirin da iyalan Tracy ke zaune da sauran wurare da hannu, sannan aka ɗora mutane da jirage na kwamfuta a kansu, shi ya sa duwatsu da gine-gine ke da kauri a ido. David Graham ya dawo da muryar Parker, ɗaya daga cikin taurarin tsohon shirin, bayan shekara 50, aka kuma riƙe muryar Peter Dyneley mai ƙirgen tashi. A wasu wuraren ma sabon ya fi. Tin-Tin, wadda a da ba ta cika wuce gefen labari ba, ta zama Kayo, shugabar tsaro mai jirginta na kanta. Ɓacewar Jeff tun daga farko ta sa 'yan'uwan suna yanke shawara da kansu, suna saɓani, abin da ba a cika gani ba lokacin da uba ke zaune a teburinsa yana ba da umarni.

Amma kashi 78 na sabon shirin kowannensu minti 22 ne ko kusa da haka, alhali na da 32 ne masu minti 50. Kwamfuta ta ba Scott, ɗan'uwan Virgil, ƙafafu, yana tsalle, yana lilo da igiya, yana shawagi da injin goyo, sai hankali ya tashi daga inji ya koma kan jarumi. Ƙarancin lokaci kuma ya cinye abin da ke tsakanin kiran neman agaji da isowar agajin. Waɗanda bala'i ya rutsa da su kan bayyana ne daidai lokacin da za a ciro su, ba mu zauna da su har tsoronsu ya kama mu ba. Wannan rashi yana damuna ƙwarai, domin yaron da ya kalli tsohon shirin ya ga cewa kafin a ceci rai sai an auna, an jira, an jure.

Za a iya cewa yaran 2015 ba za su zauna minti 50 ba, kuma tsohon shirin kansa yana da wuraren da aka ja labari don cike lokaci. Na biyun gaskiya ne. Na farkon kuwa sabon shirin da kansa ya raunana shi: labarin da ya buɗe da shi, Ring of Fire, kashi biyu ne aka haɗa aka nuna a zama ɗaya. Laifin ba na kwamfuta ba ne, tunda zane na iya tafiya a hankali idan an ba shi fili. Zaɓi ne na tsarin watsa shirye-shiryen yara, wanda ya kuma sa aka riƙa ƙaro abokan gaba irin su Mechanic da Chaos Crew, domin faɗa da mugu ya fi saurin shiga minti 22 fiye da faɗa da ruwa, wuta ko ƙasar da ta rufta.