Ruwan Tafadek da Gidan Fatoma

Mai karatu, in kai mazaunin Kura ne ko Bunkure, ruwan da ka saba gani shi ne na kanal, wanda ke gangarowa daga madatsar Tiga tun da aka gama ta a 1974, yana shayar da shinkafa da tumatir da alkama. Kafin noman rani ya yi wa Kura suna kuwa, rini ne ya yi mata. Turkuɗin da ake rinawa a marinanta, a buge shi har ya yi ƙyalli, shi ne Abzinawa ke naɗawa, kuma fatake ke kai shi arewa har Agadas. Wannan tsohuwar hanya ce za mu bi, domin a ƙarshenta akwai wani ruwa da marasa lafiya suka daɗe suna nufa.

Agadas birni ne na sarauta da ayari. Sarautar Abzin ta zauna a cikinsa tun ƙarni na 15, hasumiyar masallacinsa ta ƙasa tana da tsayin mita 27, kuma a 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. Kimanin kilomita 80 arewa da shi, cikin duwatsu, akwai Tafadek, inda ruwan zafi ke ɓulɓulowa daga ƙasa. Buzaye da Hausawa na zuwa su yi kwanaki suna wanka, galibi saboda ciwon gaɓoɓi da cututtukan fata.

Matafiyin da, in ya shiga birni irin wannan, ba otal yake nema ba, gidan fatoma yake tambaya. Fatoma shi ne mai masauki: ya ba baƙo ɗaki, ya sa a kawo masa ruwa da fura, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da mai saye, ya kuma tsaya masa in rigima ta taso. Ladansa yakan fito daga la'adar ciniki. Baƙon da ya kwanta ciwo a gidansa ya zama amana a wuyansa, shi ya sa ake cewa baƙonka annabinka. Ƙaramin masaukin da ake gani yau a garuruwan yawon buɗe ido, mai ɗakuna huɗu ko biyar, inda mai gida ke ba da kwana da karin kumallo, ɗan'uwan wannan tsari ne.

Turawa ma sun san wannan haɗi na ruwa da masauki. A birnin Bath na Ingila, Rumawa sun gina wuraren wanka a ƙarni na farko bayan haihuwar Annabi Isa, a kan marmaron da zafinsa ya kai digiri 46. A ƙarni na 18 garin ya cika da gidajen haya na masu neman lafiya, masu kuɗi suna kama ɗakuna na makonni. Talakawa kuwa sai su iso ba wurin kwana, su koma bara a titi. Don haka aka buɗe musu asibiti a 1742, da sharaɗin kowane majiyyaci ya ajiye kuɗin da za a mai da shi gida in ya warke, ko a yi masa sutura in kwana ya ƙare. Mutanen Bath sun gane cewa ruwa kaɗai ba ya jinyar mutum. Sai da gado da abinci da mai dubawa.

Ilimin likitanci na yau bai saɓa wa haka ba. Ɗumi yana sassauta tsoka, ruwa yana ɗauke wa gwiwa da ƙugu nauyin jiki, hutun kwanaki daga gona ko kasuwa yana rage ciwo. Amma wannan sauƙi ne na ɗan lokaci: ruwan zafi ba ya mai da gurunguntsin da ya goge, ba ya kuma warkar da hawan jini ko ciwon suga. Yana ma da haɗarinsa. A 1978 wata yarinya ta rasu da sanƙarau na wata ƙwayar cuta da ke rayuwa a ruwan ɗumi bayan ta yi iyo a Bath, aka hana wanka, sai a 2006 aka buɗe sabon wuri da tsaftataccen ruwa. A nan gida ma, kanal ɗin da ya kawo arziki shi ne matattarar katantanwar da ke yaɗa tsargiya.

To, in ka ƙudiri kai dattijo ko dattijuwarka irin wannan wanka, ko Tafadek ne ko Wikki ta Yankari a Jihar Bauci, fara da tambayar halin hanya, sannan ka zaɓi masauki kamar yadda kakanninmu ke zaɓen fatoma. Tambayi mai gidan: asibiti mafi kusa yana ina, akwai abin hawa da dare, akwai gidan sauro, za a iya rage gishiri da suga a abinci, akwai wuri mai sanyi na ajiye allurar insulin?

Ku tafi da maganin da ya isa kwanakin tafiyar har da rara, cikin kwalinsa na asali, kuma kada a daina sha don an ji jiki ya saki. Zafi yana buɗe jijiyoyin jini, saboda haka mai shan maganin hawan jini zai iya jin jiri in ya miƙe da sauri. Minti 10 zuwa 15 sun isa, da wani a kusa. Mai ciwon suga wanda ƙafarsa ta daina ji sosai yana iya ƙonewa bai sani ba, sai a gwada masa ruwan da gwiwar hannu. Mai juna biyu, da mai ciwon zuciya, da mai buɗaɗɗen gyambo, su ga likita tukuna. Kada kowa ya nutsar da kai har ruwa ya shiga hanci.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kai matafiya lafiya, Ya dawo da su lafiya.